Ɓarawon Da Ya Cire Takalmi

Shafi na 19

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna rantsuwa Nevena ce ta kwashe kayan saurayinta, ku shiga layi ku ba yarinyar nan haƙuri. Tana can asibitin yara tana aikinta, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. To, ku gyara zama.

*

Laftanar Yasen ko kakin jikinsa bai tsaya cirewa ba. Yana fitowa daga ofishin 'yan sandan garin Karlovo ya faɗa 'yar motarsa, ya miƙi hanyar ƙauyensu yana tuƙi kamar wanda aka biyo.

Jiya ya dawo daga atisaye ya tarar an shiga ɗakin da yake haya. Kwamfutarsa ta tafi. Wuƙar faretin da aka rataya masa ranar da ya fito daga makarantar hafsoshi ita ma ta tafi. Waɗannan duk da sauƙi. Abin da ya sa ya zauna daɓas a ƙasa shi ne pendarar mahaifiyarsa, manyan kwabban zinariyar nan da ta gada daga uwarta, waɗanda za ta rataya wa budurwarsa Nevena ran Lahadi a wajen baiko.

Da safen nan mutumin inshora ya zo ya zagaya ɗakin, ya leƙa nan ya leƙa can, sannan ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, na ga sata kala-kala, amma ban taɓa ganin ɓarawon da ya cire takalmi a bakin ƙofa ba. Ga taɓo a waje, ciki kuwa kamar an lashe. Silifas ɗin baƙi ya sa, da ya gama ya jera su. Ya ba furenka ruwa. Ya fita ya kulle maka ƙofa tsaf. Mu kuma ka sani, in ba a fasa ƙofa ba, ba ma biya sai 'yan sanda sun kawo mana sunan mutum."

Sufeto Mileva kuwa ta ce kada ya damu. Kantin maganin da ke kallon gidan yana da kyamara, yau za a ba ta hoton. Da yamma za ta biyo ƙauye ta ɗauki bayanin mahaifiyarsa, tunda ita ce mai zinariya.

Abu ɗaya ne duk su biyun ba su lura da shi ba, shi kuma ya ja bakinsa ya tsuke. Gado. Ranar da aka kira su fita atisaye a gurguje ya tashi, ya bar shimfiɗa a cukurkuɗe. Ya dawo ya tarar bargo a ɗame, kusurwa a naɗe kamar bakin ambulan. Mutum ɗaya ya sani a duniya da ba zai iya wuce hargitsattsen gado ba, ko da sata ya zo yi.

*

Mama Donka na tsakar gida tana gasa tattasai, idanunta sun yi jawur. Rabi na hayaƙi ne, rabi kuwa ba na hayaƙi ba.

"Yasen! An kama shi?"

"Tukuna, Mama."

"Allah ya sa hannun da ya taɓa kayan uwata ya bushe kamar wannan." Ta ɗaga wani ƙonannen tattasai. "Tun jiya nake masa baki, kuma ban gaji ba. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake, ga wuyanka nan duk ƙashi. Laifina ne, ɗana. Ni na ce ka tafi da ita birni, wai ƙofarka ta ƙarfe ce, wai kana da inshora. Shekara da shekaru tana ƙarƙashin katifata, ko ɓera bai taɓa shinshina ta ba."

"Ba laifinki ba ne. Ina Baba?"

"Yana ɗakin ƙasa. Tunda labarin nan ya zo ya koma can ya tare. Abin ya dake shi, ka san halinsa, ba zai faɗa ba. Jiya ko miyar wake bai taɓa ba."

Yasen ya sumbaci goshinta, ya juya da sauri don kada ta karanta fuskarsa. Tausayinta ya kama shi.

Ɗakin ƙasa na nan yadda ya san shi tun yana yaro. Kwalaben tumatir a jere bisa tsayi, na kabeji a nasu layin, kowace fuskarta na kallon gaba. Tsohon Saje Stamen ya bar soja, amma soja bai bar shi ba. Yana zaune a kan akwati yana goge wata kwalba da ba ta da ƙura.

"A'a, Laftanar! Da kanka?"

Tun ranar da aka maƙala wa Yasen tauraro a kafaɗa uban ya daina kiran sunansa. Tsokana ce, amma alfahari ya fi yawa a ciki.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa. Me 'yan sandan suka ce?"

"Sun ce ɓarawon mai tsafta ne."

"To."

"Ya ba furena ruwa."

"To, ai fure ba shi da laifi."

Yasen ya zauna a matakala. Ya yi magana a hankali kamar mai hira.

"Ni abin da ya ban haushi, Baba, ɗakin nan a gyare na bar shi. Gadona a miƙe, komai a muhallinsa."

"A miƙe?" Kwalbar ta tsaya a hannun tsohon. "Kai, ka ji tsoron Allah! Hafsa guda, bargo a ƙasa, safa ɗaya a ƙarƙashin matashi, kofin gahawa har ya yi gashi! Da a rukunina kake da sai ka..."

Ya dafe bakinsa da hannu.

Hali zanen dutse. Mutumin da tun jiya yake haɗiye tsinuwar matarsa bai ce uffan ba, ga shi gado ya kayar da shi.

Daga sama ana jin Mama Donka tana korar kaji. Uba da ɗa suka zauna suna kallon ƙasa.

"Baba," in ji Yasen. "Don me?"

Tsohon ya ajiye kwalbar. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara, ya janye kwalaben kabeji, ya zaro wani ƙunshi daga bayansu. Kwamfutar na naɗe cikin tawul mai tsafta. Wuƙar faretin na sheƙi fiye da ranar da aka ba da ita.

"Tsatsa ta fara cin bakin kuben. Na goge, na shafa mai. Ba a barin ƙarfe kusa da taga, sau nawa zan gaya maka?"

"Baba!"

"Waɗannan don ido na ɗauka, don a ce sata ce. Ga abin da ya kai ni."

Ya zura hannu a aljihun ƙirji ya fito da pendarar, da jan zarenta, ya ɗora a tafin ɗansa.

"Ɗaga ka ji nauyi."

"Na ji."

"Ba ka ji komai ba, ba ka taɓa riƙe ta gaskiyar da wayonka ba." Ya ɗauki ƙusa, ya juya kwabo ɗaya, ya karce gefensa. Ruwan gwal ya tashi. Abin da ke ƙasa ja ne, dushe-dushe. "Tagulla ce, Laftanar. Kwanson harsashin igwa. Wani abokina makanikin bariki ya buga min su, Allah ya jiƙansa, hannunsa ya iya aiki."

Yasen ya ƙura wa kwabon ido.

"Ina ta gaskiyar?"

"Tana kallona."

"Ban gane ba."

"Ka tuna shekarar da likitan soja ya mayar da kai gida? Ya ce idonka na hagu bai kai ba?"

Ya tuna mana. Ina zai manta? Abokansa duk suka wuce makarantar hafsoshi, shi ya dawo ƙauye ya rufe kansa a ɗaki, ya juya wa bango fuska. Sai wata safiya uban ya shigo ya yaye bargon ya ce tashi, za mu birnin Plovdiv a gyara idon, ƙungiyar tsoffin sojoji ta ɗauki nauyi.

"Ka ce ƙungiya ce ta biya."

"Wace ƙungiya? Wadda ko gahawar taro sai kowa ya zo da tasa?" Tsohon ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kai ma dai da saurin yarda, kamar uwarka."

Yasen ya kai hannu ya taɓa idonsa na hagu bai ma san ya yi ba. Da idon nan ya ci jarrabawar harbi. Da shi ya fara hango Nevena a tashar mota. Hawaye ya cika shi, ya bar su suka zubo.

"Me ya sa ba ka tambaye ta ba? Mama ce fa. Wallahi da ta ba ka."

"Shi ya sa ban tambaya ba."

"Kamar yaya?"

"Da na buɗe baki, kafin in rufe ta ciro ta damƙa min, ta yi murmushi, ta ce ƙarfe ne kawai. Sannan ta shiga bayan gida ta yi kuka inda ba zan ji ba. Na san matata. Yarinyar nan ta shigo gidana da akwati ɗaya da wannan zaren a wuya. 'Yan uwanta maza sun raba gona, sun sayar da gidan ubansu, ita wannan kaɗai ta tsira da shi. Na ce a raina, ɗana ya samu ido, ita ma kada ta rasa uwarta sau biyu. In na samu hali in sayo in mayar, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Ba ka samu ba."

"Na koma Plovdiv ɗin. Shagon da na sayar wa da zinariyar ya zama na sayar da waya." Ya zauna, ya dafe gwiwa. "Duk bikin Ista sai ta ciro ta goge, ta kara a kumatu, ta ce Stamen, har yanzu ƙamshin wuyan Mama na jiki. Ni kuma in ce haka ne. Kwanson igwa, ɗana. Kwanson igwa take sumbata, ina tsaye ina kallo."

Ɗana. Rabon da Yasen ya ji kalmar nan a bakinsa har ya manta.

"To da ka bar ta a wurina mana. Mama ta rataya wa Nevena, shi ke nan, wa zai sani?"

"Kai ka jawo! Kai da kyaftin ɗinku mai iyayi, da ya ce kowane sabon hafsa sai ya yi wa ɗakin haya inshora. Ka zauna a teburina kana cin banitsar da uwarka ta gasa kana washe baki, wai ka sa pendara a ciki, wai kana dawowa daga daji kamfani zai turo maƙerin zinariya ya auna ya gwada. Lomar da ke bakina ranar ban san yadda ta wuce ba. Maƙeri zai ɗiga ruwansa, ya ɗago ya ce ta bogi ce. Kai ka kira uwarka. Uwarka ta juyo ta dube ni."

"Sai ka ce gara a sace."

"Abin da aka sace zinariya ne har abada. Za ta yi kuka, ta tsine wa ɓarawo, ta haƙura. Tsinuwar ma ina amsawa da amin a zuci, na cancanta."

Yasen ya share fuska da hannun riga. Haushi yake so ya ji, ya neme shi ya rasa. Son tsohon nan ne kawai ya taso ya rufe shi, har da wata dariya da ke neman ƙwacewa cikin kukan.

"Baba, ɓarawo ne kai na ƙarshe a duniya. Ka cire takalmi fa."

"In shiga ɗakin mutum da taɓo? Ni ba dabba ba ne."

"Ka kulle ƙofa da makullin da na bar muku a gida."

"In bar ta a buɗe ɓarayi su shiga?"

Dariyar ta ƙwace, ta zo da sabon hawaye. Uban ya miƙa hannu ya kama ƙeyarsa, ya jawo kansa ya jingina da kafaɗarsa, yana bubbuga shi da wannan tafin mai kaushi. Haka ya riƙe shi a motar Plovdiv, ranar da suka dawo da ido a ɗaure.

Sai Yasen ya tuna abin da ya koro shi, ya ɗago a firgice.

"Baba, akwai kyamara."

"Wace kyamara?"

"Ta kantin maganin da ke kallon gidana. Tana ɗaukar duk mai shiga da fita. Sufeto ta karɓo hoton, tana hanya, wurin Mama za ta zo."

Fuskar tsohon ta sauya.

"Kantin magani? A zamaninmu kantin magani magani yake sayarwa."

"Ka sa hula ko wani abu?"

"Hular fitata na sa. Har na tsaya a ƙofar ina gyara ta a gilashi."

"Wayyo Baba!"

Yasen ya miƙe yana laluben waya.

"Bari in kira ta. Zan ce kuskure ne. Zan ce ni na aike ka ka kwaso min kayan don ɗaki zai zauna ba kowa, gajiyar daji ta sa na manta. Zan janye ƙarar, in janye ta inshora. Maƙeri ba zai zo ba. Ran Lahadi Mama ta rataya wa Nevena, magana ta mutu."

"Zauna."

"Baba, ba lokaci."

"Na ce zauna, Laftanar!" Tsohuwar muryar fareti ce ta fito, har kwalabe suka amsa. Sannan ya sassauta. "Ka sa hannu a gaban 'yan sanda cewa an yi maka sata. Yanzu ka koma ka ce mantuwa ce? Gobe maganar tana teburin kwamandanka. Hafsan da ya manta ya aiki ubansa, ya tayar da 'yan sanda da kamfani, wa zai damƙa masa 'ya'yan mutane? Ko su ce shashasha ne, ko su ce cutar inshora ya so yi bai iya ba. Ban sayar da zinariyar matata don ka zo ka zubar da tauraron a kan ƙarya ba."

"Kai ma ai ƙaryar ka yi!"

"Ni saje ne mai ritaya, an gama da ni. Kuma ka ga inda ta kawo ni."

"To Mama fa? Ka san abin da zai same ta?"

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi saman matakala. Da ya yi magana, muryar ƙanƙanuwa ce, ba ta saje ba.

"Ba gidan yari nake tsoro ba. Kullum na shigo ƙofar nan sai ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo, tun muna yara ba ta sauya shi ba. Shi nake tsoron rasawa."

Yasen bai ƙara sauraro ba. Ya danna lambar sufeto, wayar ta ƙi tafiya, ɗakin ƙasa ba ya kama layi. Ya haura matakala da gudu, yana isa sama ya ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, kare ya fara haushi.

"Stamen! Yasen! Ku fito!" Muryar Mama Donka ce, da wani farin ciki da ba a ji a gidan ba tun jiya. "Ga 'yar sanda ta zo! Ta ce an samu hoton la'anannen!"

Sufeto Mileva na tsaye a gefen murhun tattasai, waya a hannu. Ta ɗaga wa Yasen kai. Sai idonta ya wuce shi, ya sauka a kan tsohon da ke haurowa a bayansa yana ɓalla maɓallin wuyan riga. Ta dubi wayar. Ta sake duban tsohon. A hankali ta fara mayar da wayar aljihu.

"Uwa, wataƙila gara in fara magana da Laftanar tukuna..."

"Wane Laftanar? Zinariyarsa aka ɗauka ko ta uwata?" Mama Donka ta goge hannu a zani, ta fizge wayar kafin sufeton ta ankara. "Kawo in ga fuskar marar imanin. Ko ɗan waye a ƙasar nan sai na tofa masa yawu."

"Mama, bari mana, ki zauna tukun..."

"Rabu da ni, Yasen!"

Ta kai wayar kusa da hanci, ta miƙar da ita nesa, ta ƙanƙance ido, ta yi tsaki.

"Kai, tsufa bai yi ba. Inuwa kawai nake gani, wani mai hula. Stamen, tabarauna na kan tagar kicin, ɗauko min."

Ba wanda ya motsa. Tattasai na ƙonewa a kan wuta, ba mai juya shi.

Yasen ya dubi ubansa yana girgiza kai, yana roƙonsa da ido.

Tsohon ya wuce shi. Ya shiga kicin, ya fito da tabarau a hannu. Ya hura masa iska, ya goge da gefen rigarsa, ɓangare ɗaya, sannan ɗayan. Ya zo gabanta ya tsaya, ya ɗora mata da kansa, ya gyara shi a bayan kunnuwanta, ya mayar da wata furfura da ta zamo cikin ɗankwali.

Ta ɗago ta yi masa wannan kallon nata.

"Na gode, tsohona."

"Duba da kyau, Donka," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai a kan wayar.